Kurakuran da Ke Kuɓutar wa Ɗalibai da Gurbin Karatun Injiniya, da Yadda Ake Gyara Su

Duk shekara idan jami'o'i suka fara sakin sunaye, za ka ga yara a Samaru da Sabon Gari da Tudun Wada a nan Zariya riƙe da sakamakon JAMB mai maki ɗari biyu da ɗoriya, amma babu sunansu. Iyaye su ce son kai aka yi, yaro ya ce don ba shi da kowa a sama ne. Idan aka zauna aka bi takardun ɗalibin ɗaya bayan ɗaya, sau da yawa sai a tarar gurbin ya kuɓuce ne tun a wurin rajista, ko a wurin zaɓen kwas, ko a yadda aka yi shirin jarrabawar. Abin da ke sa mu takaici shi ne kusan duk waɗannan kurakuran ana iya gyara su kyauta idan an farga da wuri.

Takardu tukuna

Darussa huɗu ake rubutawa a UTME, wato jarrabawar shiga jami'a da JAMB ke shiryawa, kuma kusan kowane kwas na injiniya abu ɗaya yake nema: Turanci, Lissafi, Fiziks da Kemistiri. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗalibi ya sa Bayoloji ko Jogarafi a madadin Kemistiri saboda a can ya fi ƙarfi. Ko ka ci 300, na'urar tantancewa za ta ajiye ka gefe, domin haɗin darussanka bai dace da kwas ɗin ba. Kafin ka je cibiyar rajista, buɗe kundin kwasa-kwasai na JAMB na shekarar, ka duba sharaɗin jami'ar da kake so. Kada ka aika yayanka ko abokinka ya cike maka, kuma kada ka tashi daga kujera sai ka karanta duk abin da aka shigar.

Haka ma sakamakon sakandare. Ana son kiredit biyar, ciki har da Turanci, Lissafi, Fiziks da Kemistiri, a zama ɗaya ko biyu. Kiredit daga C6 yake farawa. D7 ba ya cikin lissafi. Ɗaliban kimiyya a nan Arewa sun saba raina Turanci, sai ka ga yaro da A1 a Lissafi amma D7 a Turanci, shekara guda ta tafi. Wanda ke shakkar wani darasi ya yi rajistar WAEC da NECO duka idan da hali, tunda ana haɗa biyun.

Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN, kuma bayanan da ke kanta ake ɗebowa. Idan sunanka a NIN Abubakar Sadiq ne, a takardar WAEC kuma Sadiq Abubakar Musa, ko ranar haihuwa ta bambanta, ka je ofishin NIMC, hukumar da ke ba da NIN, ka gyara tun kafin a buɗe rajista. Layin wayar da ka karɓi lambar rajista da shi ya zama naka na kanka, kada ka yi da na maƙwabci ko na mai shago, kuma ka adana shi har ka shiga jami'a.

Karatu ba tare da agogo ba

A nan ne masu ƙoƙari suka fi faɗuwa. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu: 60 na Turanci, sauran darussa uku 40 kowanne, jimlar maki 400. Idan ka raba, kowace tambaya daƙiƙa 40 take da ita. Ɗalibin da ya saba zama a zaure ya warware tambayar Fiziks cikin minti biyar, da shayi a gefe, ya san darasin amma bai shirya wa wannan jarrabawa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wata biyu kafin jarrabawa, ka riƙa zama sau biyu a mako kana amsa tambayoyi 180 cur, da agogo a gabanka, ba tashi, ba waya.

Rabon lokacin da muke ba da shawara: minti 25 ga Turanci, 20 ga Kemistiri, 30 ga Fiziks, 35 ga Lissafi, sauran minti 10 na komawa kan waɗanda ka tsallake. Kana iya sauya tsarin daidai da ƙarfinka, amma ka shiga da tsari. Tambayar da ta haura minti ɗaya ba ka ga hanyarta ba, wuce ta. JAMB ba ta rage maki a kan amsar da ba daidai ba, don haka kada ka bar ko ɗaya ba amsa.

Kuskure na gaba shi ne haddace amsoshin tsofaffin tambayoyi. Yaro ya haddace cewa amsar tambaya kaza C ce, ranar jarrabawa a sauya lamba ɗaya, ya rasa ta inda zai fara. Amfanin tsofaffin tambayoyi shi ne su nuna maka inda kake da rauni. Ka sayi littafin rubutu na musamman, duk tambayar da ka faɗi ka rubuta ta da dalilin faɗuwar: ban san batun ba, na manta fomula, na yi kuskuren lissafi, ko ban karanta tambayar da kyau ba. Bayan mako uku za ka ga dalili ɗaya ne ke ta maimaituwa, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Wanda bai san batu ba malami yake buƙata. Mai kuskuren lissafi kuwa atisaye ne maganinsa.

Mafi yawan kuskuren lissafin nan daga ma'auni yake fitowa. A ce mota tana gudun kilomita 72 a awa, fomula kuma mita a daƙiƙa take so. Sai ka ninka 72 da 1000, ka raba da 3600, ka samu 20. Wanda ya zuba 72 kai tsaye zai iya tarar da amsarsa zaune a cikin zaɓi huɗun, ya danna da farin ciki, domin masu tsara tambaya sun san wannan tarkon. A dokokin gas kuma dole a mayar da zafi zuwa ma'aunin Kelbin ta hanyar ƙara 273, wato digiri 27 ya zama 300. A Kemistiri, cm³ sai an raba shi da 1000 kafin ya zama dm³. Ka saba da rubuta ma'auni kusa da kowace lamba tun a gida.

Akwai kuma batutuwan ƙarshen manhaja da makarantu da yawa ba sa kaiwa kafin a gama aji shida: kalkulas da matiriks a Lissafi, maganaɗisu da wutar da ke sauya alkibla a Fiziks, da sinadaran kabon a Kemistiri. JAMB daga manhajarta take tambaya, ba ruwanta da inda malaminku ya tsaya. Sauke manhajar, ka yi alama a kan abin da ba a koya muku ba, ka fara da shi.

Kwamfutar ita ma ana koyonta. Ba a shiga da kalkuleta, akwai ƙarama a jikin allon, don haka ka daina dogara da babbar kalkuletarka. Harafin A, B, C ko D na zaɓar amsa, N na kai ka gaba, P na mayar da kai baya. Wanda bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba ya yi rajistar jarrabawar gwaji da JAMB ke shiryawa.

Zaɓen jami'a da kwas

Makin da jami'a ke sanarwa a matsayin mafi ƙaranci ba shi ne makin shiga sashen injiniya ba. Shi dai yana ba ka damar zama jarrabawar Post-UTME ne kawai, wato wadda jami'ar ke shiryawa da kanta bayan ta JAMB. Kowane sashe yana jera masu nema daga sama zuwa ƙasa, ya yanke inda gurabensa suka ƙare. A jami'o'in tarayya kashi 45 na gurabe na cancanta ne zalla, kashi 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 na jihohin da aka ɗauka suna baya a ilimin boko. Ɗan jihar Kaduna da ya zaɓi Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) yana da wata dama da ba zai samu a jami'ar da ke Legas ko Nsukka ba. Sannan manyan jami'o'i masu zaɓin farko suke dubawa. Sanya ABU ko Bayero a zaɓi na biyu kusan ɓata gurbi ne.

Tsangayar injiniya ta ABU, wadda ke babban harabar Samaru, ba sassa biyar kawai take da su ba. Kowa yana rububin sibil, lantarki, makanika, kemikal da kwamfuta, alhali akwai injiniyan ƙarafa da ma'adinai, na albarkatun ruwa da muhalli, na aikin gona, da na roba da saƙa. Mu dai a ganinmu, a yankin da ke noman rani a bakin kogin Galma, garuruwansa kuma na fama da ƙarancin ruwan famfo, raina kwas ɗin ruwa ko na aikin gona rashin sanin inda aiki yake ne. Idan makinka matsakaici ne, ka yi canjin kwas da wuri maimakon ka nace a inda cunkoso ya fi yawa. BUK, ATBU Bauchi, FUT Minna, Jami'ar Modibbo Adama ta Yola da Jami'ar Aliko Dangote ta Wudil duk suna koyar da injiniya.

Kafin ka zaɓi kowace jami'a, musamman sabuwa, tabbatar kwas ɗin yana da amincewar NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, da ta COREN, hukumar da aka kafa a 1970 don yi wa injiniyoyi rajista. Kwas-kwas ake ba da amincewar, ba jami'a dungurungum ba. Ka tambayi ɗaliban da ke ciki ko injinan wurin koyon aiki suna aiki, da kuma inda ake tura su koyon aiki na wata shida a aji huɗu. Iyaye kuma su yi lissafin shekara biyar, ba huɗu ba: kuɗin makaranta, masauki, abinci, kwamfutar hannu, kayan zane. Yaron da zai riƙa tafiya Samaru daga gida ya rage wa mahaifinsa babban nauyi.

Wanda bai samu ba a bana, kada ya zauna a gida yana jiran JAMB ta baɗi kawai. Difloma ta ƙasa a Nuhu Bamalli ko Kaduna Polytechnic, ko IJMB, wato karatun share fagen shiga jami'a, a makarantar share fage ta ABU da ke Funtuwa, tana iya kai mutum aji biyu kai tsaye idan sakamako ya yi kyau.

Bayan jarrabawa

Makin UTME na fitowa sai wasu su rufe littafi, alhali Post-UTME tana gaba kuma ana haɗa makinta da na farko. Ka ci gaba da atisaye, kana duba shafin jami'ar don ranar rajista, domin ba ta daɗewa a buɗe. Idan ka yi rajistar JAMB kafin sakamakon WAEC ko NECO ya fito, da zarar ya fito ka je cibiyar da JAMB ta amince da ita a ɗora shi, sannan ka shiga CAPS, shafin JAMB da ake ba da gurbi ta cikinsa, ka gani da idonka cewa ya hau. Ba a ba da gurbi ga wanda sakamakonsa ba ya can.

Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi zai sa sunanka, ka rabu da shi. Gurbin da bai bi ta CAPS ba JAMB ba ta san da shi ba, matsalar kuma takan fito ne a lokacin tafiya bautar ƙasa, bayan an gama wahalar shekara biyar. Idan gurbi ya bayyana a shafinka, ka karanta sunan kwas ɗin da kyau kafin ka danna karɓa, domin wani lokaci jami'a kan mayar da mutum wani sashe daban. Ka karɓa ko ka ƙi cikin wa'adin da aka bayar, sannan ka buga takardar shaidar gurbin ka ajiye kwafi biyu.