Rana fa ba a kafe take ba: kurakuran da ake yi kan jan duniyoyi

Tun a firamare aka zana mana Rana a tsakiyar allo kamar an buga ta da ƙusa, duniyoyi na ta zagaye ta, kuma daga nan kuskuren farko ya samo asali. Mutane sun ɗauka Rana ce kaɗai ke ja. A'a, ja biyu ne, yadda Rana ke jan Jupita, wato babbar duniyar da ta fi sauran masu zagaya ta girma, haka Jupita ke jan Rana, ƙarfin iri ɗaya, kawai dai Rana ta fi shi nauyi sau dubu da 'yan kai shi yasa motsinta bai taka kara ya karya ba. Ka taɓa riƙe hannun ƙaramin yaro kana jujjuya shi a tsakar gida? Kai ma ai sai ka ɗan kwanta baya kana taka ƙafa a ɗan da'ira, toh haka Rana take yi.

Gyaran shine ka daina cewa Jupita na zagaya tsakiyar Rana. Su biyun wata tsakiyar nauyi suke zagayawa, kuma tana nesa da cibiyar Rana da kusan kilomita 742,000, wato ta ɗan fito waje da jikin Ranar ma. Duk wajen shekara 12 ake kammala zagaye ɗaya, Rana na gudun kusan mita 12 a daƙiƙa, gudun adaidaita sahu kenan in titi ba cunkoso. Duniyarmu kuwa abin dariya, santimita 9 a daƙiƙa take iya motsa ta, tafiyar kunkuru.

Kuskure na biyu shi yafi yawa, wai in masana na neman duniyoyin da ke zagaya wasu taurari, waɗanda su ma duniyoyinsu ke motsa su kamar Rana, kallon tauraro suke a hoto yana rangaji. Mafi yawan lokuta ba haka bane, hasken suke aunawa. Kamar jiniyar motar asibiti da ƙararta ke sirancewa in tana tahowa ta kuma yi kauri in ta wuce, hasken tauraro yana karkata zuwa shuɗi in yana matsowa, zuwa ja in yana nisa. Da wannan dabarar masana taurari Michel Mayor da Didier Queloz suka gano duniyar da ke zagaya tauraron 51 Pegasi a 1995 a Faransa, kwana 4 da ɗan abu kacal take zagaye ɗaya, har suka samu Nobel a 2019.

Sai masu cewa nauyin duniya ne kawai magana wajen motsa tauraro. Nisa ma na ciki, duniyar da ke kusa tana sa tauraro gudu da sauri, ta nesa kuma ta fi faɗaɗa da'irarsa amma a hankali.

Kuma ba duk rawar da aka gani bace duniya. A shekarun 1960 masanin taurari Peter van de Kamp ya dage cewa tauraron Barnard na rangaji saboda manyan duniyoyi, daga baya aka gano ashe gyare-gyaren da aka yi wa na'urar hangen nesan ne suka karkata awon.