Yadda ake gane irin ƙatuwar katantanwar teku da ta zama dutse

Da yawa da sun ga ƙatuwar katantanwa da ta koma dutse sai su hau neman sunanta, alhali suna shi ne ƙarshen aiki. Abu na farko ka rubuta inda aka tono ta da irin dutsen da take ciki, domin shi zai nuna maka zamaninta, in wannan ya ɓace to rabin aikin ya tafi wallahi.

Na biyu ka tabbatar dodon koɗi ne ma tukuna. A wajen haƙar dutsen siminti na Ashaka a Gombe ana samun amonayit, su ma a naɗe suke amma wata halitta ce daban, naɗinsu a kwance yake kamar gammo kuma cikinsu ɗaki-ɗaki ne. Shi dodon koɗi yawanci naɗinsa hawa yake sama zuwa tsini.

Sai ka duba, ɓawon asali ne a hannunka ko laka ce ta cika cikin ta daskare ɓawon ya narke? Irin wannan na biyun ana samunsa a dutsen Kalambaina na Sakkwato, inda teku ya taɓa kwanciya, kuma da shi da wuya ka wuce sanin dangi, tunda adon waje ya tafi.

In ɓawon na nan, ƙirga zagayen naɗin, shafa ka ji ko akwai ƙulli-ƙulli a jere, sannan ka leƙa ginshiƙin tsakiya, wato sandar da naɗin ya zagaye a ciki, ta baki ko ta inda ya karye, ka ga ninkin da ke jikinsa, nan ne fa maganar take. Misali, katantanwar da ake kira Campanile giganteum, wadda masanin halittu Lamarck ya bayyana a 1804 ya sa ta cikin rukunin dodon koɗi mai suna Cerithium, doguwa ce mai tsini, takan kai santimita 40 zuwa 60, tana da ƙulli a kafaɗar naɗin da ninki biyu a ginshiƙi, shekarunta wajen miliyan 45, ana tono ta a Fleury-la-Rivière ta ƙasar Faransa. Wata irin da ake kira Nerinea ma doguwa ce, sai dai ninkinta har a bangon ciki yake, kuma ta girme ta sosai, zamanin dainoso ta yi. Don Allah kar ka yanka lafiyayya don ka gani, nemi karyayya.

Daga nan ka ɗauki hoto da rula a gefe, baki na kallonka tsini a sama, ka kai sashen ilimin duwatsu na jami'a mafi kusa a gwada da waɗanda aka riga aka tantance.