Kurakuran sabon shiga a teburin Warhammer 40,000

Wanda ya fara leƙa kulob ɗin masu yaƙin kan tebur a Ingila, abin da zai fara ɗaukar idonsa shi ne sojojin roba ƙanana, ba su kai tsawon ɗan yatsa ba, an yi musu fenti kamar za su yi magana. Wasan da ya fi cika tebura a irin waɗannan wurare shi ne Warhammer 40,000, na kamfanin Games Workshop mai hedikwata a Nottingham, wanda ya fara fitowa a 1987. Mutum biyu ne, kowa da rundunarsa, da tef ɗin awo, da dais mai fuska shida irin na lido. Yawancin asarar da sabon shiga ke yi, tun kafin ya jefa dais na farko yake yin ta.

Ta aljihu ake farawa. Mutum ya kalli wasa ɗaya, washegari ya kwaso kwalaye biyar, don an ce masa cikakken yaƙi sai da runduna mai ƙimar maki 2,000 (kowane rukunin sojoji yana da ƙimarsa ta maki, da ita ake daidaita girman rundunonin biyu). Kwaɗayi mabuɗin wahala. Sojojin nan a warwatse suke zuwa, kai daban, hannu daban, bindiga daban, kai ne za ka yanke su ka haɗa ka fente. Bayan wata shida kwalaye huɗu na nan a ƙarƙashin gado ko leda ba a cire musu ba. Bugu na 10 na dokokin wasan da ya fito a 2023 ya zo da tsarin Combat Patrol, inda kwali ɗaya tak ya isa a buga wasa, kuma an saki ainihin dokokin kyauta a intanet. Ka fara da wannan. In ma da hali, ka ari rundunar wani a kulob ka gwada tukuna. Tsofaffin hannu ba sa rowar wannan, don su ma abokin karawa suke nema.

Sai gam da fenti. Gam ɗin roba narkar da fuskokin biyu yake yi ya haɗe su, don haka in ka manna hannu a karkace, ya zauna ke nan. Ka gwada haɗa sassan a bushe kafin ka ɗiga komai. Wannan gam kuma ba ya kama sojojin da aka yi da ƙarfe ko resin (wani daskararren ƙaro), su sai sufa gulu. Shi kuwa fenti, laifi biyu ne kullum: a tsallake fentin shimfiɗa na farko, sai launi ya riƙa ɓarewa da an taɓa, ko a ɗebo shi da kauri daga kwalba a lafta, fuskar soja ta koma kamar an shafa mata kunu. Ɗigon ruwa, shafa biyu marasa kauri, magana ta ƙare.

Babban kuskuren dai a kan tebur yake, kuma shi ne ya fi wuyar barin mutum. Sabon shiga yana zaton wanda ya fi kisa shi ne ya ci. Ba haka lissafin yake ba. Zagaye biyar ake yi, kuma yawancin makin nasara daga riƙe wasu wurare da aka yi wa alama a fili suke fitowa. A dokokin bugu na 10, riƙe wuri shi ne sojanka ya kasance cikin inci 3 daga alamar, kuma jimillar ikon mutanenka a wurin (lambar da doka ta ba kowane soja) ta fi ta abokin gaba. Na sha ganin wanda ya share kusan duk rundunar abokin wasansa, yana murmushi, aka zo ƙirga maki aka tarar an ba shi rata mai nisa, saboda wasu 'yan ƙananan dakaru da ya raina sun yi zamansu a kan alamomi tun zagaye na biyu. Mai dara ya san wannan: ba yawan cin 'ya'ya ba ne kaɗai, inda ka kafa gida shi ne magana. Kafin ka motsa komai, ka tambayi kanka maki nawa motsin zai kawo.

Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne yarda da sa'a. In ka sauko da dakaru daga sama, wato ka ajiye su a gefe sannan ka dire su a fili bayan an fara wasa, dokar bugu na 10 ta ce sai sun fi inci 9 nesa da abokin gaba, don haka kai farmaki nan take yana buƙatar dais biyu su ba ka 9 ko fiye. Cikin hanyoyi 36 da dais biyu ke iya faɗuwa, 10 ne kawai ke ba da haka. Wanda ya ɗora dukan shirinsa a kan wannan jifa, in ta ƙi, kada ya zagi dais.

Awo ma yana haddasa rigima. An yarda ka auna duk lokacin da ka so, to ka auna kafin ka ɗaga soja. Kuma in daga gaban gindinsa ka fara awo, gaban ne zai tsaya a ƙarshen tef. Masu aunawa daga gaba su ajiye baya suna satar tazara ba da saninsu ba, kuma ana lura.

Kangayen da ake jerawa a fili, ku yi magana a kansu tun kafin a fara: wanne ke tare gani, wanne ake ratsawa. Minti biyar na wannan hira ya fi rabin awa na musu a zagaye na uku. Haka nan in kana da wata dabara ta musamman a rundunarka, ka faɗa wa abokin wasanka. A kulob, wanda ya ci wasa da ɓoye doka ba ya samun mai zama da shi mako mai zuwa. Kada kuma ka ɗauki sojan wani ba izini, ko da yabawa za ka yi. Wani ya kwashe dare uku a kan wannan ɗan takobin da ke shirin karyewa a hannunka.