Kurakuran da aka fi yi wajen yi wa APT fuska

Ɗaliban kwamfuta a Samaru suna son wannan aikin: a gina taga mai maɓallai da za ta riƙa saka manhaja ko cire ta a Ubuntu, ba sai an buɗe taminal, wurin da ake rubuta umarni, ba. Wato fuska ce ga APT, shirin da ke kula da saka manhaja da cire ta a Ubuntu. Aiki ne mai amfani, sai dai kusan wuri ɗaya kowa ke tuntuɓe.

Da yawa sukan sa shirinsu ya kira umarnin apt, sannan ya riƙa tsintar bayani daga rubutun da ya fito. Shi kansa apt yana gargaɗin cewa wannan rubutun ba tsayayye ba ne, kuma da an sauya harshen na'ura sai shirin ya rikice. Maimakon haka, ka kama python-apt, mai haɗa shirin da aka rubuta da Python da APT kai tsaye, ko PackageKit, mai tsayawa tsakanin fuska da APT, da Richard Hughes ya fara a 2007, wanda shagunan manhaja irin su GNOME Software da Discover na KDE suke aiki da shi.

Kada kuma ka tayar da duk tagar da ikon root, wato cikakken iko a kan na'ura. Bar ta a hannun mai amfani, polkit, shirin da ke ba da izini, ya nemi kalmar sirri sai lokacin sakawa. Saukarwa kuma a ba ta zarenta (thread) daban, wato ta riƙa gudana a gefe, in ba haka ba taga ta sandare, mutum ya zaci ta mutu ya rufe ta.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne ɓoye wa mutum gaskiya don fuska ta yi kyau. Ɗalibar da ta sayi data da kuɗin abincinta ta danna "Saka", ashe ƙaramar manhaja ta jawo wasu ƙunshi masu nauyi. Kafin a sauke komai, ka nuna mata megabayit nawa ne, me zai shigo, me kuma za a cire. Synaptic, wata tsohuwar fuskar APT, ya daɗe yana yin haka.

Sai maganar wuta, wadda mu a Zariya mun san ta. In aka ɗauke ta ana tsakiyar sakawa, dpkg, shirin da APT ke sa wa ya yi ainihin sakawar, yakan tsaya rabi. Shirinka ya gane haka da an buɗe shi, ya nemi izinin gudanar da dpkg --configure -a don a ƙarasa aikin. In kuma ya tarar da makullin dpkg, wanda ke hana shiri biyu sakawa a lokaci guda, a hannun wani shirin, galibi sabuntawa ce ke gudana a ɓoye. Ya faɗa wa mutum haka ya jira, kada ya goge fayil ɗin makullin.