Yadda ake sa wa karyayyen haƙori hula

Tsakuwa ɗaya a cikin shinkafa da wake ta isa ta fasa turmin haƙori. Haka ƙashin balangu, haka buɗe kwalbar lemo da baki. Da zarar ya karye, abin da mutanenmu suka fi sani shi ne "a cire shi a huta". Alhali sau da yawa ana iya ceto shi da hula. Duk wanda ya san haƙorin Makka ya san fasalinta: murfi ne da ake kifa wa haƙori. Sai dai wancan ado ne, wannan kuwa magani.

Ranar da abin ya faru, kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri. In ka tsinci ɓallin, jefa shi cikin madara ka tafi da shi. Man kanumfari na lafar da zafi na ɗan lokaci, amma kada ka danna ƙwayar asfirin a kan dasashi, ƙona shi take yi. Daga nan sai sashen haƙori, ko a Asibitin Barau Dikko, ko Asibitin Sojoji na 44 in kana Kaduna, ko wani asibitin kuɗi mai likitan haƙori na gaske.

Likita zai fara da ɗaukar hoton haƙorin, domin abin da ke ƙarƙashin dasashi shi ke yanke hukunci. In tsagewar ta gangara har saiwa, to babu hula, sai cirewa. In ta kai jijiya kawai, za a fara cire jijiyar a cike ramin. In abin da ya rage guntu ne, sai a kafa ɗan turke a cikin saiwar a gina a kansa.

Sai zaman fiƙe haƙori. Za a yi maka allurar kashe zafi, a zagaye haƙorin da inji ana rage shi kamar milimita 1 zuwa 2, don hular ta samu wurin zama. Ƙarar injin ta fi zafinsa ban tsoro. Sannan a cusa maka wani abu mai kama da ƙullun fulawa ka cije, ya ɗauki siffar haƙoranka, a aika wa masu ƙerawa.

A nan ake zaɓen iri. Ta ƙarfe zalla ta fi juriya, ta dace da turmi can ciki inda ba a gani. Tangaran a kan ƙarfe fari ne, amma da shekaru yakan nuna baƙin layi a bakin dasashi. Zirkoniya, wani irin farin tangaran marar ƙarfe a ciki, tana da ƙarfi da kyan gani, ta fi tsada. In haƙorin gaba ne, sa a gwada launi a hasken rana, musamman in kai ma'abocin goro ne. Fara tas a tsakiyar jajaye, kowa a majalisa sai ya gane.

Za a sa maka hular wucin gadi ta sati ɗaya zuwa biyu. Gam ɗinta ba shi da ƙarfi, don haka a yi haƙuri da rake, cingam, alawar madara da kilishi a wannan gefen.

Ranar ɗaura ta dindindin ce ake tafka kuskure, kuma kunya ce ke jawo shi. Likita zai sa maka wata siririyar takarda mai launi ya ce ka cije. In ka ji hular ta riga sauran haƙora taɓa na sama, ko da kaurin gashi ne, faɗa masa: "Likita, ta yi tudu." Kada ka ce ai zan saba. Rage ta aikin minti kaɗan ne, amma in ka bari, ciwon muƙamuƙi ne da zafin tauna.

Hula takan yi shekara 5 zuwa 15, wani lokaci fiye. Ita ba ta ruɓewa, amma haƙorin da ke ƙarƙashinta yana ruɓewa ta bakin dasashi, shi ya sa buroshi da asuwaki su riƙa bin wannan layin safe da dare. In wata rana ta fita kana cikin cin tuwo, wanke ta ka adana ka koma wa likita da ita. Ban da gam ɗin kanti.