Yadda ake amfani da man kurkum ba tare da ya ƙona fata ba

Ana saura kwana shida ɗaurin aurenta ƙanwata ta shigo ɗakina da mayafi a rufe da rabin fuska. Da ta yaye, kumatunta biyu sun yi jajir sun ɗan tasa, gefen hanci har ya fara saɓa. "Yaya, duba ki gani, wai fa cewa aka yi in shafa da dare in kwanta." A hannunta 'yar kwalba ce baƙa, tsawonta bai kai yatsa ba, ta saya wurin wata mai talla a waya. Kayan ba jabu ba ne, man kurkum ne na ainihi. Abin da ba a gaya mata ba shi ne, irin wannan man ba a shafa shi tsuransa.

Kurkum dai sananne ne, wasu su ce kurkur, tsofaffi su ce gangamau. Ɗan'uwan citta ne, saiwarsa ake haƙowa kamar tata. Indiya ce ke noma mafi yawan wanda duniya ke ci, a nan gida ma ana noma shi, musamman a kudancin Kaduna inda citta ta karɓi ƙasa. Ga yadda za ki bi da mansa.

Na farko: ki san wanne ne a hannunki

Abu biyu ake sayarwa da suna ɗaya, kuma a nan yawancin ɓarnar take farawa.

Akwai tatacce, wanda ake fitarwa da tururi. Ana zuba saiwar a tukunyar ƙarfe, a bi ta da tururi mai zafi, tururin ya ɗebo man ƙamshin da ke cikinta, a sanyaya shi ya koma ruwa, man ya taso sama a yaɗe shi. Daga kilo 100 na busasshen kurkum abin da ake samu bai cika wuce kilo 3 zuwa 6 ba, shi ya sa yake zuwa a 'yar kwalba mai duhu ta mililita 10 ko 15, shi ya sa kuma yake da tsada da ƙarfi. Ba shi da kauri, launinsa ruwan ɗorawa ne mai haske, ƙamshinsa kuma na itace ne da ɗan yaji-yaji. A jikin kwalbar kirki za ki ga sunan tsiron, Curcuma longa, da ƙasar da aka yi shi da ranar lalacewa.

Akwai kuma jiƙaƙƙe, wato garin kurkum da aka jiƙa a man kwakwa ko na zaitun har ya saki launi. Shi ne za ki gani a babbar roba, rawaya shar, mai maiƙo, da araha. Idan aka miƙo miki rabin lita a kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba aka ce tatacce ne, ki yi murmushi kawai.

Bambancinsu ya wuce na farashi. Sinadarin da ya yi wa kurkum suna, kurkumin, wanda ke ba shi launin nan, ba ya tashi da tururi, a tukunya ake barinsa. Abin da ke cikin tataccen man wasu sinadarai ne daban, manyansu su ne dangin turmeron. Don haka duk wani abin alheri da kika ji an faɗa game da kurkumin, ba a cikin 'yar baƙar kwalbar nan yake ba. Binciken da aka yi a kan turmeron, galibinsa a ɗakin gwaji da jikin dabbobi, ya nuna yana rage kumburi, yana kuma hana wasu ƙwayoyin cuta da naman gwari yaɗuwa. A 2014 wasu masu bincike a Jamus sun ga yana ƙara haihuwar wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa a jikin ɓeraye. Daga wannan ne masu talla suka yi tsalle suka ce maganin mantuwa ne. Ɓera aka gwada, ba kakarki ba.

Na biyu: ki sirka

Wannan ne zuciyar aikin, saboda haka ki samo cokali, kada ki yi da ƙiyasin ido. Ƙaramin cokalin shayi mililita 5 ne, babban cokali 15. Mililita ɗaya ta tataccen mai kusan ɗigo 20 ce.

Don fuska: ɗigo 1 a ƙaramin cokali ɗaya na man sirki, wato man da za ki gauraya shi da shi don rage masa ƙarfi. Wannan kashi ɗaya cikin ɗari ke nan, kuma ya isa. Mai fata mai saurin damuwa ta sa ɗigo 1 a cokali biyu.

Don jiki da tausa: ɗigo 2 a ƙaramin cokali, ko ɗigo 6 a babban cokali. Kada ki wuce nan don kina gaggawa. Ƙarin ɗigo ƙaiƙayi yake ƙarawa, ba amfani ba.

Man sirki kuwa muna da shi a gida. Man riɗi ya fi daɗin tausa, yana bin jiki. Man kwakwa yana da kyau ga ƙafa da hannu, amma a fuskar wasu yana toshe kofofin gashi ya haifar da ƙuraje, wato ki je neman gira ki rasa ido. Ni dai man kaɗe na fi so lokacin hunturu. Ki sa shi a ƙaramin kwano, ki ɗora kwanon a cikin ruwan zafi har ya narke, ki sauke ki jira ya huce ya fara kama jikinsa, sannan ki ɗiga man kurkum ki juya sosai. Idan kika ɗiga yana da zafi, ƙamshin da kika saya zai bi iska. Ruwa ba ya sirka shi, mai da ruwa ba sa haɗuwa, ɗigon zai yi ta yawo a sama ya sauka a fatarki da ƙarfinsa.

Na uku: ki gwada kafin ki shafa

Ki ɗan goga haɗin a cikin damtse ko lanƙwasar gwiwar hannu, wuri kamar faɗin kwabo, ki bar shi kwana ɗaya zuwa biyu. In ya yi ja, ko ƙaiƙayi, ko ƙananan ƙuraje, to jikinki bai karɓe shi ba, ki haƙura. Amarya ta yi wannan gwajin wata guda kafin biki, tun kafin a shiga dilka da halawa, domin fatar da aka gama gurzawa ko aka cire wa gashi ta fi saurin ƙonewa. Wadda kuma ta daɗe tana shafa man bilicin, fatarta ta riga ta yi sirara, ita ce ta fi kowa bukatar taka-tsantsan.

Na huɗu: inda yake da amfani

Ciwon gwiwa, baya da wuya bayan doguwar rana, a nan na fi ganin ranarsa. Ki ɗumama haɗin a tafin hannu, ki murza wurin a hankali na minti biyar zuwa goma, ki rufe da zane. Gaskiya rabin sauƙin daga tausar ne da ɗumi, amma sauƙi ai sauƙi ne. Gwiwar da ta kumbura tana zafi, ko ciwon da ya zo da zazzaɓi, wannan ta asibiti ce.

Kaushi da faso: bayan wankan dare, ƙafa na da ɗan danshi, ki shafa haɗin man kaɗe ki sa safa. Kada ya shiga fason da ya buɗe yana jini.

Ƙurajen fuska: ki ɗangwala da auduga ki taɓa kan ƙurjin kaɗai, da dare, ba duk fuska ba. Ki ba shi mako uku zuwa huɗu. Ba zai mayar da baƙa fara ba, duk wadda ta ce miki zai yi, ko ta haɗa da wani abu a ciki ko tana son kuɗinki ne. Hasken da ake gani bayan an shafa jiƙaƙƙen, rini ne, wanka biyu yake fita.

Ƙamshinsa yana ɗan korar sauro, amma na ɗan lokaci, bai ɗauke miki gidan sauro ba. Makero a kan yaro kuwa maganin sha yake bukata daga likita, shafe-shafe ɓata lokaci ne.

Abin da ba a yi da shi: ba a sha. Kurkum a miya ko a madara abinci ne, ɗigon tataccen mai a shayi wani abu ne daban. Ko ƙwayoyin kurkum masu ƙarfi da ake haɗiya an samu waɗanda suka taɓa wa hanta, a Italiya a 2019 har hukuma ta janye wasu daga kasuwa. Mai ciki da mai shayarwa su ajiye shi, kada a shafa wa jariri ko ƙaramin yaro, mai asma ta yi hankali da shaƙarsa. Wanda ke shan maganin tsinka jini irin warfarin ya tambayi likitansa kafin ya mayar da kurkum magani ta kowace fuska.

In tsautsayi ya faru ya zuba a fata, ki goge da man girki tukuna, sannan ki wanke da sabulu. Haka muka yi wa ƙanwata, muka bar fuskar ta huta da man kaɗe zalla, kuma Allah ya taimake mu ranar kamu hoda ta rufe sauran. In ido ne, ruwa mai tsabta za ki yi ta kwararawa na kwata ɗin awa. In yaro ya sha, kada a ɗura masa manja, kada a sa shi amai, a ɗauki kwalbar a tafi asibiti.

Na biyar: in kina son na gida

Tatacce ba ya yiwuwa a kicin, amma jiƙaƙƙe abu ne mai sauƙi, kuma ga yawancin bukatun gida ya wadatar. Ki sayi busasshiyar saiwa ki daka da kanki. Garin kasuwa wani lokaci ana ƙara masa rini, a Bangaladash har an gano masu sa masa sinadarin dalma don launin ya fito. Kada ki yi da ɗanye, ruwan jikinsa zai sa man ya yi funfuna.

Ki zuba babban cokali 2 na garin a kofi ɗaya na man riɗi ko na kwakwa cikin kwalba busasshiya. Ki tsayar da kwalbar a tukunya mai ruwa, wuta kaɗan-kaɗan, awa ɗaya zuwa biyu, kina juyawa lokaci-lokaci. Ba suya ake yi ba, in man ya fara ƙara wuta ta yi yawa. Ki bari ya kwana garin ya kwanta, ki tace da ƙyalle mai laushi. Wannan ba ya bukatar sirki, amma gwajin damtse yana nan.

Duka biyun a kwalbar gilashi ake ajiye su, a rufe gam, nesa da taga da murhu. Tataccen yana cin roba, kuma idan iska da zafi suka daɗe suna shigarsa sai ya ƙara zafi a fata. Ki riƙa haɗa wanda za ki ƙarar cikin wata biyu ko uku, ki rubuta kwanan wata a jiki. In ƙamshin ya juya ya koma na tsohon mai, ki zubar.

Jiƙaƙƙen yana rina komai, matashi, zanen gado, farar shaddar maigida. In ya taɓa kaya kika sa sabulu za ki ga tabon ya koma ja, kada gabanki ya faɗi, haka kurkum yake yi in ya haɗu da sabulu ko kanwa. Ki wanke, ki ɗauraye sosai, ki shanya a tsakiyar rana ta buga shi kai tsaye. Yini ɗaya ko biyu launin zai dushe.