Yadda Za Ka Zaɓi Kalmar Kuka a Turanci

Duk shekara idan jarrabawar WAEC ta matso, ɗalibaina na darasin yamma a Jekadafari, cikin garin Gombe, sukan zaɓi rubuta labarin rasuwa ko na haɗarin mota a hanyar Gombe zuwa Bauchi. Ba na hana su, labari mai taɓa zuciya ya fi saurin cika kalmomi 450 da ake nema. Damuwata ita ce a shafi guda uwa "cry", jariri "cry", har jakin maƙwabta ma "cry". Waɗanda suka ɗan waye kuma sun tsinci "weep", sun ɗauka ita ce kalmar manyan 'yan boko, sai su yi ta barbaɗa ta ko'ina kamar gishiri. Mai duba takarda yana da maki 20 cikin 50 da ya ware wa iya sarrafa harshe, kuma a irin wannan wuri yake zaftare su.

Abin da nake koya musu ba wuya gare shi. Kafin ka ɗora biro, ka saurari mai kukan da kunnen zuciyarka. Ana jin sauti ko hawaye ne kawai? Babba ne ko yaro? Baƙin ciki ne, tsoro ne, ko shagwaɓa? Amsar ita za ta miƙo maka kalmar.

Mu fara da cry, domin ita ce ta yau da kullum, kuma idan ka rasa ta cewa ba za ta kunyata ka ba. Jariri, amarya ranar kai ta ɗaki, ɗan ƙwallon da aka cire su a wasan ƙarshe, duk ta ɗauke su. A shuɗaɗɗen lokaci cried ce, y ta koma i. Sai dai ka san tana da fuska ta biyu. Daga Faransanci ta shigo Turanci, kuma asalin ma'anarta ɗaga murya, shi ya sa suke kiran sankira town crier. Idan ka ga "Thief!" she cried a fasejin fahimta, matar ba hawaye take yi ba, ihun ɓarawo take yi. Haka "he cried out in pain", ƙara ya saki. "A cry for help" kuwa neman agaji ne. Na sha ganin yara sun faɗi tambaya sukutum saboda sun zaci ana zubar da hawaye a inda ake kwarmato.

Weep ta littafi ce da jarida da mumbari. Kuka ne mai nauyi, na babban mutum, hawaye na zuba, sau da yawa ba hayaniya. Ba a ce mata weeped, wept ce, kamar yadda keep ke zama kept. Ɗalibaina Kiristoci 'yan Billiri da Kaltungo ba sa kuskurenta, sun haddace "Jesus wept" tun suna ƙanana, Yohanna 11:35, ayar da ta fi kowace gajarta a fassarar King James. Idan kana bayyana dattijon da ya dawo daga maƙabarta ya zauna a zaure, ya sunkuyar da kai, hawaye na bin gemunsa, to nan ne gurbin "he wept silently". Amma ka ce wa abokinka ƙanwarka ta yi weep don an hana ta alawa, ai ka sa wa ƙaramin abu babbar riga. Masu shirin makarantar jinya su ƙara da wannan: idan miki yana tsatsafo da ruwa, likita zai ce "the wound is weeping".

Wadda na fi so yara su riƙe ita ce sob, domin tana da takwara a wurinmu daidai wa daida: shessheka. Numfashi na sarƙewa, kafaɗu na rawa, magana na fita guntu-guntu. Wata yarinya ta taɓa zuwa da katin sakamakon JAMB a hannu, ta tsaya a bakin ƙofar aji, "Malama... Malama... ban..." ta kasa ƙarasawa, ƙirjinta sai hawa da sauka yake. Wannan shi ne sobbing. Ka lura da b biyu a sobbed da sobbing. Kowane kuskuren harafi rabin maki yake ci daga 10 na tsabtar rubutu, kuma rabi-rabi ne ke cinye goman.

Wail kururuwa ce, doguwa, mai tashi sama, wadda ake jiyowa daga bayan katanga. Jiniyar motar asibiti ma ita suke ce wa. A nan nake jan kunnen yara sosai. Kowa ya san malamanmu suna hana kururuwa a gidan mutuwa, ana so a yi salati, a yi haƙuri, hawaye kuwa ba laifi. To idan a labarinka mahaifin mamaci mutum ne mai tawakkali, ka rubuta "the father wailed", ka sauya masa hali ba da saninka ba. Ka ajiye wail ga lokacin da labari ya faɗo wa gida bagatatan, kafin manya su tsawatar.

Sauran na yara ne galibi, kuma akwai ɗan raini a cikinsu, don haka kada ka jingina su ga wanda kake girmamawa. Bawl ɓare baki ne, irin na yaron da aka tsira wa allurar rigakafi. Whimper ɗan kuka ne ƙasa-ƙasa na tsoro ko ciwo, na kwikwiyo ko yaro mai zazzaɓi. Whine shagwaɓa ce da mita, wani lokaci ko ɗigon hawaye babu. Sniffle jan hanci ne bayan kuka ya lafa, ko na mura.

Yanzu hawayen kansu, tears. "Shed tears" zubar da hawaye ne, kuma shed ba ta canzawa, jiya shed, yau shed. Babu shedded a Turanci. Fashewa da kuka tana da hanya biyu, "burst into tears" ko "burst out crying". Yara kan haɗa su su haifar da "burst into crying", wadda ba ta zauna ba. Idan ƙwalla ta cika ido ba ta zubo ba, ka ce "her eyes filled with tears" ko "she was close to tears". Idan kuwa albasa ce, ko hayaƙin murhu, ko ƙurar hunturu da ke turnuƙe Tashan Dukku a watan Janairu, zuciya ba ta da hannu a ciki, sai ka ce "my eyes are watering". Kukan munafunci shi suke kira "crocodile tears". Barkonon tsohuwa kuma "tear gas".

A takardar furuci suna son kafa tarko da wannan kalma. Tear ta hawaye amonta ɗaya da here. Tear ta yaga takarda, mai tore da torn, amonta ɗaya da hair. Rubutu iri ɗaya, baki daban.

Inda aka fi yin ɓarin maki shi ne inda Bahaushe ya ce kuka amma ba hawaye yake nufi ba. Namu kukan faɗi gare shi. An ce a rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma wasiƙa a kan rashin ruwan famfo a Bolari, sai yaro ya buɗe da "We are bringing our cry to you". A Hausa ya yi ladabi ƙwarai, "mun kawo kukanmu", amma a Turanci abin da ya kawo complaint ne ko appeal: "We write to complain about" ko "We appeal to you". Kukan zakara da asuba crow ne, na jaki bray, na akuya da tunkiya bleat, na saniya moo, na tsuntsu chirp ko sing. Ciki idan yana kukan yunwa, "my stomach is rumbling". Zaman makoki kuma ba crying ba ne, mourning ne, ta'aziyya condolence. Mace mai takaba "is in mourning" ko da ta yi makonni ba ta zubar da ƙwalla ba.

Ga aikin da nake ba su, kai ma gwada shi a gida. Ka ɗauki gida ɗaya, labari ɗaya, ka raba wa kowa kukansa. Misali, an aiko cewa babban wa ya rasu a hanyar Kano: "When the news came, my aunt began to wail. My mother sat on the mat and wept. My sister sobbed so hard that she could not speak, and the baby, frightened by the noise, started to cry." Mutum huɗu, kalma huɗu, kuma mai karatu ya san halin kowa ba tare da ka faɗa masa ba. Daga nan ka sauya labarin ya zama na murna, a ce an kira gida an ce Hajiya ta sami kujerar Makka, ka ga waɗanda za su tsira. Wail za ta fita. Cry da weep za su zauna, sai dai ka ƙara musu "for joy" ko ka ce "tears of joy". In ka gama, ka karanta da ƙarfi a gaban wani wanda ya fi ka Turanci, ka bar shi ya ja layi a ƙarƙashin duk wadda ba ta zauna ba.